Sawu a Ɗakin Sanyi

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, jikata Raudatu ta tsayar da babur ɗinta a ƙofar gida ba ta kashe shi ba. Ina zaure ina miƙe ƙafa. Wata biyu ke nan da na baro Dakusa na zo Zinder wurin 'yata don likita ya duba mini gwiwa.

"Tsoho, tashi. An yi mini sata a wurin aiki."

"Me aka ɗauka?"

"Sarba."

"Dabba ce?"

"Akwati ne baƙi na ƙarfe, bai kai rabin buhun gero ba. Sunayen manomanmu dubu tara suna cikinsa."

"To ki je kumisariya, wurin 'yan sanda."

"Ranar Litinin direkta zai je. Da sunana a bakinsa."

Na ɗauki sandata.

Shekara arba'in da ɗaya na yi ina bin sawu. Raƙuma, shanu, geron da aka kwashe daga rumbu. Daga Dakusa har Takieta babu mai garin da bai aiko a kira Yakuba ba. Ban taɓa bin sawun akwati ba, amma akwati ba ya tafiya da kansa.

Raudatu tana aiki da Tarayyar Manoma ta Garka, masu raba iri kafin damina. Suna da biro, wato ofis, a Zinder, da ƙanana uku a Takieta da Dakusa da Damagaram Takaya. Ita ce mai kula da rezo, wato igiyoyi da na'urorin da suka haɗa ordinatoci, kwamfutocin wuraren nan huɗu ke nan, suke magana da juna. Da can idan mutanen ƙauye suka tambaye ni aikinta, cewa nake tana gyaran talabijin. Ban ga dalilin da zan tsawaita ba.

*

Mun tarar da tsakar gidan biro cike da mutane. Ma'aikata, maƙwabta, har da mai rake. Duk sun tattake ƙasar. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon ɓarnar da suka yi, raina ya ɓaci fiye da yadda satar ta ɓata shi.

Ban shiga ba sai da na saurara. Mutane suna faɗin abin da ke cikinsu idan sun ɗauka tsoho kurma ne.

"Ƙofa ba a fasa ba, taga ba a fasa ba."

"Kuma lokacin Juma'a, maza duk suna masallaci."

"Ai dama ita kaɗai ke shige da fice a ɗakin. Muna nan muna gasuwa, tana can cikin sanyi."

Direkta ya ratso mutane ya zo. Mushe Abdul'aziz ake ce masa, Mushe wato malam a faransanci, dogon mutum, mai farar shadda. Ya rusuna ya gaishe ni yadda ya kamata, ya sa aka kawo mini kujera ƙarƙashin dalbejiya, ya sa hannu a aljihu ya miƙo mini goro fari.

"Baba, ai da ba ka wahalar da kanka ba."

Na ɓare goron. Ya yi ƙas. Rabon da in ci irinsa tun kafin zafi ya shigo. Na ci rabi, na sa rabi a hula.

"Makulli nawa ɗakin yake da shi?"

"Biyu. Ɗaya wurin Raudatu. Ɗaya yana cikin durowata a kulle, tun da aka sa ƙofar ban taɓa shi ba."

"Kana zarginta?"

Ya kalli ƙasa. "Ni ban zargi kowa ba, Baba. Amma kwamitin tarayya zai tambaye ni. Idan Litinin ta yi ba a ga akwatin ba, dole in dakatar da ita in kai magana gaba."

Na san abin da hakan ke nufi. A garin nan, wanda aka dakatar saboda sata ba ya sake riƙe makullin kowa. Shekara biyar Raudatu ta yi tana karatun abin nan, uwarta tana soya ƙosai.

*

Ɗakin yana ƙarshen baranda. A jikin ƙofar an manna takarda, an zana takalmi an soke shi da jan layi.

"Cire takalmi, tsoho," in ji Raudatu.

"Masallaci ne?"

"Ƙura tana kashe na'ura. Ko direkta sai ya cire."

Na cire. Na ce kowa ya tsaya waje, har ita.

Sanyi ya buge ni kamar na sa kai cikin randa. Ɗakin ƙarami ne, an shimfiɗa masa karo fari, wato tayil. Daga sama kilim, na'urar sanyaya ɗaki, tana huro iska. Ƙarƙashinta akwai wata kanta ta ƙarfe, ta fi ni tsawo, cike da akwatuna masu ƙananan fitilu suna ƙyaftawa, igiyoyi shuɗɗa sun sauko a jere an ɗaure su tsaf, kowace da takardar sunanta. Hawa na uku babu kome, sai igiyoyi huɗu suna reto.

Na durƙusa da gwiwar da ke da lafiya, na kwantar da kumatu kusa da ƙasa. Haka ake ganin sawu a wuri mai santsi, daga gefe, haske yana gabanka.

Ruwa ya zuba a nan ɗazu ya bushe. Wani ya taka shi. Ƙananan sawun Raudatu suna sama, na lokacin da ta shigo ta tarar. A ƙarƙashinsu akwai wani, na ƙafar dama, doguwa, ta namiji. Babu takalmi. Diddigen sumul, babu faso ko ɗaya.

A jikin ƙarfen kantar kuma akwai layin ruwa da ya gangaro daga sama ya bushe.

Na fito.

"Amarya, ɓarawonki ya bi dokarki. Ya cire takalmi."

"Wane ɓarawo ne zai tsaya cire takalmi?"

"Shi nake nema. Ruwan nan daga ina?"

"Kilim ce nake jin tana yoyo. Zo ka ga."

Ta buɗe ordinatarta a kan benci. Ta nuna mini wani layi mai tafiya a miƙe, sai ya yi tudu, ya sake miƙewa, ya sake tudu. Ta ce akwai wata 'yar na'ura a ɗakin mai auna zafi da laima, tana rubuta abin da ta ji kowane minti, ko da kowa ko babu kowa.

"Sati uku ke nan laima tana tashi. Shi ya sa jiya na kira Mahamud mai gyaran kilim ya duba."

"Tudun nan, wace rana ce?"

Ta duba. "Juma'a. Wannan ma Juma'a. Wannan ma."

"Ƙarfe nawa?"

"Ɗaya da minti goma. Zafi yana ɗan tashi kamar an bar ƙofa buɗe, sai laima ta biyo baya. Yau ɗaya da minti goma sha takwas sarba ta mutu. A lokacin saƙo ya shigo salulata, ina gida na ɗora tukunya."

"Yaushe kuke tashi ranar Juma'a?"

"Ƙarfe ɗaya."

"Yaushe liman ke tayar da salla?"

"Biyu saura kwata."

To, maganar maza duk suna masallaci ta faɗi. Mutum zai yi abin da zai yi, ya samu sahun gaba.

Na sake kallon layin nan mai tudu. Ban gaya mata ba, amma na gane shi. Ƙasa mai laushi ce aka share aka bari, duk wanda ya wuce sai ya taka.

*

Na fara da Indo mai shara, don ita ma ana kallonta. Gajeriyar mace ce, ta kusa sittin, bakinta ja da goro.

"Baba Yakuba, ni ko tsintsiyata ba ta san cikin ɗakin nan ba. Madam Raudatu ce ke gogewa da kanta, da wani tsumma kamar za ta wanke jariri."

"Mutane na cewa ta ji daɗi, tana cikin sanyi."

"Masu cewa haka su hau rufi mana. Ran da iska ta juya farantin nan na sama, wa ya hau ya daidaita shi da tsakar rana? Ita. Idan rezo ya tafi, kowa Raudatu, Raudatu, kamar ita ta ɗauke shi ta sa a zane. Idan ya dawo babu mai cewa sannu." Ta tofar. "Ka duba Mahamud. Jiya ya shiga, ya ga wuri."

Gambo mai gadi yana bakin ƙofar waje. Dogo ne shi ma. Ban tambaye shi kome ba sai da na kalli ƙafarsa cikin silifa. Diddigen ya tsage kamar bakin tabki a bazara.

"Ka ga baƙo yau?"

"Ko ɗaya, Baba."

"Bayan an tashi, wa ya rage?"

"Ba kowa."

"Ƙarfe nawa ka bar ƙofa?"

"Ɗaya da rabi na tafi masallaci."

Ya faɗi haka yana kallon rediyonsa. Mai rake yana tsaye a gefe, ya ce, "Kai Gambo, ji tsoron Allah. Ƙarfe ɗaya daidai ka wuce ni da sallayarka a kafaɗa."

Gambo ya harare shi. Na bar shi haka. Mai ƙarya ne, amma sawun ba nasa ba ne. Sai dai ko ya buɗe wa wani.

*

Asabar da safe Raudatu ta kai ni rumfar Mahamud a Sabon Gari. Ta sauke ni ta wuce biro. Ta ce akwai aiki.

"Wane aiki, akwatin ba ya nan?"

"Kullum da yamma duk abin da ke cikinsa yana kwafar kansa ya tafi wani akwatin a Takieta. Ni na tsara haka tun bara. Zan juya birorin su koma can, ranar Litinin a ci gaba da rabon iri."

"To sunayen ba su ɓata ba?"

"Sai arba'in na safiyar Juma'a, kuma suna kan takarda. Sunana ne kawai a hanya, tsoho."

Mahamud yana zaune cikin matattun firji, matashi mai ƙiba, yana shan shayi. Takalmi mai igiya ne a ƙafarsa, da safa, cikin wannan zafi. Na ce a raina ga diddige mai santsi.

"An ce ka shiga ɗakin sanyi ranar Alhamis."

"Madam tana tsaye a kaina har na fito, kamar zan haɗiye mata igiya. Baba, in sata zan yi, kilim ɗin zan ɗauka. Ita na san mai saye."

"Cire takalminka."

Ya yi dariya ya cire. Ƙafar gajera ce, mai faɗi kamar faranti. Ba ita ba ce. Na ji haushi, don na so ta zama ita.

"Kilim ɗin tana yoyo?"

"Ko ɗigo. Ruwanta yana fita ta tiyo zuwa bayan gini, ka je ka gani, har zogale ya tsiro a wurin. Na gaya wa Madam, ta ce na'urarta ba ta ƙarya. Na ce ni ma tawa ba ta yi. Na ce ta duba kayanta na sama, ƙila su ne."

"Wane kaya?"

"Ban faɗa mata ba ashe? A raina na faɗa. Da na hau tsani na ga wani ƙunshi cikin buhun algarara a can saman kantar, an tura shi jikin bango, daidai bakin iska. Daga ƙasa ba a gani. Na ɗauka nata ne. Kayan mace, ina ruwana."

"Jiƙe yake?"

"Da ɗan danshi."

Na hau kabu-kabu na koma biro. Na zaga bayan gini. Tiyon yana ɗiga, ga zogalen, ga sawun tsuntsaye. Mahamud bai yi ƙarya ba.

Raudatu tana ɗakin sanyi, salula a kunne, tana gaya wa wani a Damagaram Takaya ya zare igiyar da ke rami na biyu ya sa a na biyar. Ta faɗa sau uku ba ta ɗaga murya ba. Ni da na ɗaga. Da ta gama na sa ta hau kujera.

"Me kika gani a sama?"

"Ƙura ko'ina, sai wuri ɗaya babu, zagaye. Ƙarfen ya fara tsatsa a wurin. Ga wani ganye ya manne."

Ta miƙo mini. Guntun ganye ne mai faɗi, mai santsi, bai gama bushewa ba. Babu bishiyar da ke yin irinsa a ƙasar Damagaram. Fita ne, ganyen da ake naɗe goro da shi tun daga kurmi.

Na cire hulata. Rabin goron jiya yana nan. Na daɗe ina kallonsa.

"Amarya, ki gaya wa kowa ya zo bayan la'asar. Har Mahamud."

"Ka gano?"

"Ki sayo mini goro uku a Kasuwar Dole, wurin mutum uku daban. Mafi kyau da suke da shi."

"Yanzu kuma sadaki kake nema a wurina?"

"Je ki."

*

Bayan la'asar muka zauna ƙarƙashin dalbejiya. Ni a kujera. Direkta a kujera. Gambo da Mahamud a benci, Indo a kan bokitinta, Raudatu a tsaye. Ma'aikata biyar sun zo ba a kira su ba. Ban kore su ba. Su ne suka yi ta magana jiya.

Na ce, "Wanda ya shiga ɗakin nan ba ɓarawo ba ne. Ɓarawo ba ya cire takalmi, kuma ba ya zuwa kowace Juma'a ƙarfe ɗaya da minti goma ya tafi hannu wofi. Mutum ne mai ajiya a ciki, yana zuwa dubawa."

Na ɗora ganyen a gwiwata.

"Indo, mene ne wannan?"

"Fita ne."

"Me goro ke so a bazara?"

"Sanyi da yayyafi. In ba haka ba kwana uku ya zama kamar tsohuwar fata."

"A duk unguwar nan, ina ne ke da sanyi dare da rana, ko an ɗauke wuta?"

Duk suka juya suka kalli ƙarshen baranda.

"Wani ya ɗora huhun goro a saman kantar. Dogo ne, bai buƙaci tsani ba. Duk Juma'a idan an watse sai ya shiga da buta ya yayyafa masa ruwa. Jiya hannunsa ya yi nauyi. Ruwan ya gangaro ya shiga akwatin ya kashe shi."

Wani daga ma'aikatan ya ce, "To ai Indo ce mai cin goro."

"Kai, ɗan nan," in ji Indo, "ni da ko igiyar shanya sai na yi ɗage?"

Na juya wurin mai gadi. "Gambo, ka ce ɗaya da rabi ka bar ƙofa. Ƙarfe ɗaya ka bari. Wa ya ba ka izini?"

Ya sunkuyar da kai.

"Jiya na tambaye ka wa ya rage, ka ce ba kowa. Wa ke rufe ƙofar idan ka tafi?"

"Baba, mutumin nan alheri yake yi mini. Masallacinmu da nisa, shi ya sa yake cewa in tafi da wuri. Ban ga kome ba, wallahi."

"Na yarda ba ka gani ba."

Na fito da goro ukun da Raudatu ta sayo. Na ɓare su ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya yi ƙara. Lanƙwasa suke kafin su rabu. Na miƙa wa Indo ta taɓa.

"Wannan shi ne mafi kyau a Dole yau." Na cire hula na fito da rabin nan. "Wannan kuma ya kwana a hulata, cikin gumin kaina." Na karya shi. Ya yi ƙas, har Mahamud ya ji daga benci. "Jiya aka ba ni shi a nan, a kan kujerar nan."

Ban kalli direkta ba. Na kalli ƙasa, wurin ƙafarsa. Takalmin fata ne buɗaɗɗe ya sa, na ranar hutu. Doguwar ƙafa, diddige kamar na jinjiri.

Na ce, "Zan iya sa a jiƙa siminti kowa ya taka. Na fi so kada a kai ga haka. Mutumin da ya ga tsoho ya kasa barinsa babu goro, ko da goron zai tona shi, yana da sauran kunya. Ina jiran ta."

Mushe Abdul'aziz ya cire tabarau ya goge fuska da hannun riga.

"Nawa ne," ya ce. "Na ɗaurin auren ƙanena ne, bayan salla. Na saye shi da wuri, zafi ya fara cinye shi a gida. Na ce sati huɗu kawai, wa zai sani."

"Akwatin fa?" in ji Raudatu.

"Ya yi tartsatsi, fitilunsa suka mutu. Na tsorata. Na sa shi a mota tare da goron, na kai wa wani mai gyara a bayan kasuwa, in maido shi kafin Litinin. Ban san zai aiko miki da saƙo ba. Ina fitowa masallaci na tarar da kiranki, na zo na ga taro, kowa yana cewa sata. Sai bakina ya yi nauyi."

Na ce, "Bai yi nauyi ba da ka ce za ka dakatar da ita."

"Kwana biyu nake nema, Baba. Ba zan bari ta kai ga haka ba."

"Kwana biyun nan an kira jikata ɓarauniya a bakin famfon unguwarmu. Uwarta ba ta fita da ƙosai yau ba."

Ya tashi daga kujera. Ya tsaya gaban Raudatu, dogo gaban gajera, ya ce ta yafe masa, da ƙarfi yadda na baya za su ji. Ya ce shi zai gaya wa kwamiti da bakinsa, abin da suka yanke ya karɓa.

Raudatu ta ce, "Na yafe, Mushe. Amma a kira mai gyaran nan yanzu, kada ya kunna shi yana jiƙe. Idan bai kunna ba ƙila faifan ciki ya tsira. Kuma ina son makullin."

Ya ciro shi daga aljihu, inda ya ce ba ya nan, ya ba ta.

Indo ta ɗauki goro ukun da na ɓare ta ƙulle a bakin zane. "Tun da babu mai so," ta ce.

*

Ranar Litinin an raba iri a wurare huɗun, babu manomin da ya san an yi wani abu. Kwamiti ya ja wa direkta kunne a rubuce, ya bar shi a kujerarsa. Makulli na biyu yana wurin shugaban kwamiti yanzu, cikin ambulan da aka liƙe. Faifan bai tsira ba, mai gyaran ya riga ya kunna. Raudatu ta haɗa sabon akwati cikin kwana uku, ta kuma sa 'yar na'urar nan ta riƙa aiko mata da saƙo duk lokacin da aka buɗe ƙofar.

Kafin in koma Dakusa na biya ta biro. Rana ta take, gwiwata tana zafi.

"Amarya, buɗe mini ɗakin nan in zauna kaɗan."

"Ba a zama a ciki."

"Ni na wanke ki."

"Na sani. Ba a zama a ciki. Ga inuwar dalbejiya, in sa a kawo maka ruwan sanyi."

Na harare ta, ba ta sauke ido ba. Haka na hana wani mai gari taka sawun raƙuminsa a shekarar da aka haifi uwarta. Na je na zauna a inuwar.

A Dakusa mai gari ya tambaye ni ko yarinyar tana nan tana gyaran talabijin. Na ce ba talabijin take gyarawa ba, hanyar da sunansa ya bi ya zo aka ba shi iri, ita ke tsaron ta. Bai gane ba. Ban ƙara masa ba.

Bayan salla Mushe Abdul'aziz ya aiko mota ta ɗauke ni zuwa ɗaurin auren ƙanensa. Ya zaunar da ni a tabarmar gaba, ya kawo mini goro da hannunsa. Na ɓare. Ya lanƙwasa kafin ya rabu. Na ci biyu.